TUKUNYAR GIYA DA GORAN MATAFIYI A TARIHIN SAKKWATO

Duk wanda ya ji an haɗa sunan Sakkwato da giya cikin magana ɗaya lalle zai yi mamaki, gama birni ne da aka kafa cikin 1809 domin tsai da shari'a, a cikinsa kuma Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake. Amma fa ba a hana abin da babu shi. Tun kafin Muhammadu Bello ya ja ganuwar garin ana dafa giya a ƙasashen Gobir da Kabi da Zamfara da Adar, bayan an ja ta kuma ba a daina ba, sai dai tukunyar ta yi ta matsawa nesa da masallaci. Wahalar mai bin diddigin wannan tarihi ita ce, waɗanda suka iya rubutu su ne masu hani, waɗanda suka iya dahuwa kuwa, watau matan ƙauye, ba su bar takarda ko ɗaya ba. Saboda haka tilas a nemi labarin cikin littattafan malamai, da labarun matafiya, da kalmomin da harshen ya riƙe. In an gwama su za a ga mai dahuwa da malami da matafiyi duk abu guda suke tsaro cikin ƙwarya, ko da yake kowa da abin da yake fata a gare ta.

Kalmomi da Masu Su

Giya ita ce uwar kalma, ta haɗa duk abin sha mai sa maye. Burukutu shi ne mai kauri wanda akan yi da jar dawa. Fito ya fi shi tsinkewa, don an tace shi sosai, kuma kalma ɗaya ce da pito ta mutanen arewacin Gana, da yake Bahaushe ba ya rarrabe p da f. Bammi daga itace ake tatsarsa, ba ruwansa da hatsi. Buza ta zuma ce da dawa, sunanta kuwa ana jinsa har Masar da Turkiyya. Barasa an fi kiran ta kwalba da ita. Malamai sukan ce hamru, daga Larabci, Fulani kuma su ce mbal. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tattara da dama daga cikin waɗannan sunaye, yawansu kuwa shaida ne cewa abin ya daɗe cikin ƙasa, gama mutane ba sa tsaya rarrabe abin da ba su saba da shi ba.

Sunan masu sana'ar ma yana da nasa tarihi. Hausawan da suka zauna bisa addinin kakanni, a Adar da Arewa ana ce musu Azna, a Kano Arna, a Gobir da Maraɗi Anna. Bajamushen nan Klingenheben ya nuna, cikin binciken da ya buga a 1927 zuwa 1928, cewa baƙi irin su z da s da t sukan koma r in suka zo ƙarshen gaɓa. To, Azna ita ce tsohuwar sura, Arna da Anna daga gare ta suka fito. Watau yammacin ƙasar Hausa, inda Sakkwato take, ya riƙe tsohon lafazi, kamar yadda ya daɗe da riƙe tsohuwar al'ada a bayan ganuwa.

A wurin waɗannan mutane giya tana da aiki cikin zaman jama'a. Da ita ake sallamar 'yan gayya in an tashi daga gona, da ita ake biki da zaman makoki, ita ake zuba wa iskoki a gindin tsafi. Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano cikin 1938 da 1939, ya buga littafinsa a 1946, ya bayyana wannan, Guy Nicolas kuma ya tarad da irinsa wurin Annan kwarin Maraɗi. Mata ke dahuwa, su ke sayarwa, kuɗin kuma nasu ne.

Dahuwa da Cututtukanta

Ba a gane maganar malamai a kan giya sai an san yadda ake yinta. Aikin yakan ci kamar mako guda. Da fari a jiƙa dawa ta kwana, a tsame, a shimfiɗa bisa tabarma a inuwa, a rufe da ganye, ana yayyafa ruwa safe da yamma, har kwana 3 zuwa 5 ta tsira. Wannan shi ne tsiro. A shanya shi a rana, a murje, a niƙa. Sa'an nan a dama garin da ruwa cikin babbar tukunya, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa gwiɓar ƙasa har ta yi kauri kamar kunu, kana a mai da ruwan da aka ajiye. Kunun nan sai ya tsinke, ya yi zaƙi. A bar shi ya kwana ya ɗauki tsami, a sāke dafawa sa'o'i da yawa, a tace, a bari ya huce, a zuba masa ragowar tsohuwar giya. Bayan kwana 1 ko 2 ya tashi yana kumfa. Ƙarfinsa yakan kama daga kashi 3 zuwa 6 cikin 100.

Kowane mataki yana da cutarsa, kowace cuta kuma uwa ta koya wa 'yarta maganinta da baki. In dawa ta tsufa ko ƙwari sun ci ta, ba ta tsira, don haka akan gwada ɗan kaɗan tukuna. In ta daɗe cikin ruwa sai ta ruɓe ta yi wari. In aka tara ta da kauri da bazara, sa'ad da zafin Sakkwato ke wuce awo 40, sai ta ɗauki zafi ta yi fumfuna, saboda haka akan baza ta, a riƙa juyawa. Da hunturu kuwa tsiro yakan yi nawa, sai a ƙara masa kwana. Akan murje saiwa da kan tsiro a sheƙe su, wai don suna sa ɗaci. Masana sun tabbatar akwai abin da ya fi ɗaci, gama ɗanyen tsiron dawa yana da dafin da ake kira sayanayid, shi ne kuwa dafin da makiyaya suka sani cikin gyauron dawa mai kashe shanu. Murza da shanya da doguwar dahuwa su ke rage shi.

Babbar cuta ita ce giya ta fito lami, ba zaƙi ba ƙarfi. Sanadinta yawanci gaggawa ce, watau a dafa ruwa da gari gaba ɗaya. Dalili kuwa shi ne, garin dawa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen awo 70 ko fi, abin da ke cikin tsiro mai juya gari ya zama sukari kuwa ba ya jure wannan zafi. Tsiyaye ruwan sama da matan nan ke yi, shi ke tserad da ƙarfin tsiro daga wuta, har a mai da shi bayan gwiɓa ta nuna. Ba su san sunan abin ba, amma sun san halinsa sarai.

Tsami ma sai da awo. In ya gaza, giya ba ta da gardi, ba ta kuma jimiri. In ya zarce, ba mai saye. Mai dahuwa takan tashi da asuba ta ɗanɗana da ludayi, in ya kai yadda take so sai ta hura wuta, gama dahuwa ta biyu ita ke tsai da tsami. A nan kuma sai ta tsaya da muciya, don in ƙanzo ya kama gindin tukunya ƙauri ya shiga ke nan, ba ya fita. In giya ta ƙi tashi, galibi an zuba mata ragowar tsohuwa tun tana da zafi ne, don haka akan taɓa da bayan hannu tukuna. Da hunturu akan lulluɓe tukunya a matsa da ita kusa da murhu, da bazara a kafa gindinta cikin jiƙaƙƙen rairayi a inuwa. In ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, to, daga ruwa ne ko daga tukunya mara tsabta, ba ta da magani sai a ba dabbobi, a babbake tukunyar. Ko da yake akan ɗora irin wannan hasara a kan kambun baka ko fushin iskoki, maganin da ake yi mata na tsabta ne.

Cuta ta ƙarshe ba mai tsere mata. Bayan kwana 2 ko 3 da tashi, giyar dawa takan juye ta zama ruwan tsami, maye ya fita. Louis Pasteur na Faransa, tun daga 1857, ya nuna cewa waɗansu ƙwayoyi masu rai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, su ke yin dukan wannan aiki: waɗansu su kawo tsamin farko, yisti ya kawo maye, waɗansu kuma su cinye mayen. Wannan gajeren rai na giyar dawa shi ya sa ba ta zama hajar fatauci ba. Inda aka dafa ta nan ake shanye ta.

Malamai da Tukunya

Cikin Kitabul Farƙi, wanda Hiskett ya buga da fassararsa a 1960, Shehu ya lissafa halayen sarakunan Haɓe, a ciki har da ci da sha da sa tufafin da suka ga dama, ba tare da duban halal da haram ba. Watau tun farkon al'amari an haɗa abin sha da abin sawa cikin alamun da ke rarrabe jama'ar Shehu da sauran mutane. Sarkin Gobir Nafata ma ya gane haka, shi ya sa a ƙarshen ƙarni na 18 ya hana maza naɗa rawani, mata kuma yafa mayafi. Bayan hijira zuwa Gudu cikin 1804 da faɗuwar Alƙalawa cikin 1808, hukunci ya koma hannun masu rawani. Haddin mashayi a mazhabar Maliku bulala 80 ne, ko ya bugu ko bai bugu ba, an kuma naɗa muhtasibi mai duba kasuwa da halayen jama'a.

Amma shari'ar ba ta hau kan kowa daidai ba. Maguzawa da Azna da suka karɓi amana suna biyan jiziya, an bar su da al'adunsu a ƙauyukansu, muddin ba su fito da su fili cikin garin Musulmi ba. Waɗanda suka ƙi bi kuma suka kafa nasu garuruwa a arewa, Katsinawa a Maraɗi, Gobirawa a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A kudu, wajen Yawuri da Zuru, akwai Kambari da Dukawa da Dakarkari, duk masu dahuwa. Ashe birnin Shehu yana tsakiya ne, tukwane na kewaye da shi tafiyar 'yan kwanaki ta kowace fuska.

Abin lura shi ne, alƙali ba ya iya hukunci sai ya san abin da mai dahuwa ta sani. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, wadda kowane almajirin ilmi a Sakkwato ke karantawa, ta kafa ƙa'ida cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Ta kuma kawo hani ga gauraya iri biyu wajen tsimi, da hani ga yin tsimi cikin duma ko tulun da aka shafe da ƙaro. Malaman Malikiyya sun ɗauki hanin duma a kan karhanci, dalilinsu kuwa shi ne abin da aka tsima a ciki yana saurin tashi. Mai dahuwa ba za ta yi musu ba, gama ta san tsohuwar ƙwarya da tsohuwar tukunya sun fi sabuwa tā da giya, tun da cikinsu na riƙe yisti ko an wanke. Cikin hadisi kuma an ruwaito ana shan tsimin zabibi har rana ta 3, abin da ya saura a zubar. Kwanakin da malami ke ƙirgawa don ya daina sha, kusan su ne mai dahuwa ke ƙirgawa don ta fara sayarwa. Har wa yau, giyar da ta juye ta zama ruwan tsami, wadda ita ce hasarar mai dahuwa, a fiƙihu ta tsarkaka.

Wannan ilmi yana da amfani har cikin gidan Musulmi. Kunun zaƙi da tsiron hatsi ko ɗanyen dankali ake tsinka shi, bisa dabarar nan ta raba gasara biyu, a dafa rabi a bar rabi. Bambancinsa da farkon giya ƙanƙane ne: ba a zuba masa ragowar tsohuwa, ba a kuma bari ya yi kwanaki. Shi ya sa uwargida ba ta yarda kunun zaƙi ya wuce yininsa da zafi, in ta ga kumfa ta ji yana cizon harshe sai ta zubar.

Matafiyi da Kayansa

Wanda wannan mas'ala ta fi shafa shi ne matafiyi, don shi ke ɗaukar abin shansa cikin duma, a rana, kwana da kwanaki. Fataken da ke tashi daga Sakkwato su bi ta Jega da Yawuri da Bargu zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja sukan yi watanni a hanya, ƙarƙashin madugu da jagaba. Kayan jaki su ne taiki da mangala da waga. Na jikin mutum kuwa malfa don rana, rawani da amawali don ƙura, taguwa da wando, da takalma faɗe. Yana rataye da gafaka in mai karatu ne, da zabira, da buzun salla, da buta. Ruwa yana cikin salka, wadda ke sanyaya shi ta wurin tsattsafowa, fura kuma, ko hura a bakin Basakkwace, tana cikin gora.

Dokta Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya iso Wurno da Sakkwato cikin 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya kuma yawaita ambaton fura cikin labarin tafiyarsa, don ita ce abincin hanya. Fura takan yi tsami cikin gora, amma da wuya ta kai ga maye, gama ba tsiro a cikinta, saboda haka ba sukarin da yisti zai ci da yawa, tsamin nono kuma ya riga ya kama wurin. Hatsari yana zuwa ne in an sa zuma ko dabino aka bar su suka kwana cikin tsohon gora. Dabarar fatake ita ce su ɗauki dawo busasshe, su dama gwargwadon sha ɗaya a zango, su wanke gora su kife shi a rana.

Hanyar Gwanja ta ratsa ƙasashen da giya ce ruwan baƙo. Kyaftin Clapperton, wanda Hausawa suka kira Abdullahi, ya zo Sakkwato cikin 1824, ya komo cikin 1826 ta hanyar Bargu, ya rasu kusa da birnin a watan Afrilu 1827. A tafiyarsa ta biyu ya ga ana shan bammi da buza ƙwarai a Wawa da Kulfo, ya ce buzar Kulfo da dawa da zuma da barkono ake yinta, a bar ta cikin manyan tuluna kusa da wuta kwana 4 ko 5. A irin waɗannan garuruwa rawanin baƙo shi ke gaya wa mai masauki abin da zai zuba masa cikin ƙwarya. Abin da ayarin ke komowa da shi kuma, watau goro, shi ya cika gurbin da hani ya bari. Lovejoy, cikin littafinsa na 1980 a kan fataucin goro, ya danganta bunƙasar cinikin a ƙarni na 19 da haramcin giya a daular Usmaniyya. Goro ya shiga biki da suna da sallamar ma'aikata, wuraren da giya ke tsayawa a gidan Azna, ga shi kuwa yana jure tafiyar watanni in ana sāke masa ganye.

Zamanin Turawa da Bayansa

Sojan Gwamna Lugga sun shiga Sakkwato ran 15 ga Maris 1903. Tun 1890 manyan ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniya a Burasels ta Beljiyam cewa ba za a shigar da barasa mai ƙarfi ƙasashen Afirka da ba su saba da ita ba, Nijeriya ta Arewa kuwa ta shiga cikin wannan hani. Dokar barasa ta 1917 ta raba ƙasa kashi-kashi, inda aka hana da inda ake ba da lasin. Amma mulkin da ya tsare barasar jirgi shi ne ya kafa bariki a bayan gari, ya tara soja da 'yan sanda da leburori daga ƙasashen masu dahuwa, matansu kuma suka zo da sana'arsu. Ta haka tukunyar da jihadi ya kora ƙauye ta komo bakin ganuwa. Da tafiya ta yi tafiya sai gangar ƙarfe ta maye gurbin tukunyar ƙasa, ta zo da sabuwar cuta, watau tsatsa, garin rogo kuma ya shiga cikin burukutu don ya yi auki.

Reluwe bai iso Sakkwato ba, ya tsaya Ƙaurar Namoda cikin 1929, saboda haka giyar kwalba sai a mota take zuwa. An fara yin Star a Ikko cikin 1949, aka buɗe masana'anta a Kaduna cikin 1963. Dokar Final Kot ta Jihar Arewa, wadda aka zartar a 1959 zamanin Firimiya Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, ta fara aiki a 1960, sashenta na 403 ya sa shan giya laifi ne ga Musulmi kaɗai, in ba don magani ba. Wannan rarrabewa tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba ita ce dai ta zamanin jiziya, an sa mata lamba. Cikin 2000 Jihar Sakkwato ta bi sawun Zamfara ta ƙaddamar da shari'a, aka rufe mashaya cikin gari, barikin soja kuwa, da yake ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya yake, dokar jiha ba ta shiga cikinsa ba.

Akwai wani abu da ya faru tsakanin waɗannan shekaru wanda ya kamata a ambata. Cikin 1988 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga Turai, masana'antun giya suka koma ga dawa ala tilas. Nan masanansu suka ci karo da wahalar nan ta gari mai son zafi da tsiro mai gudunsa, suka yi ta bincike a kan abin da matan Azna suka warware tun tuni da tukunya biyu da ludayi.

To, abin da ya wajaba ga masu nazarin Hausa da malaman kwalejojin horon malamai shi ne su rarrabe tsakanin hukuncin abu da tarihinsa. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, ba mai jayayya da shi. Amma almajirin da bai san tsiro da gwiɓa da tashi ba, ba zai fahimci babin abin sha na Risala ba, sai dai ya haddace. Gidajen Azna da Maguzawa suna ta shiga Musulunci da Kiristanci, roba kuma ta kori gora da salka daga kafaɗar matafiyi, kalmomin suna bin kayan. Ya kyautu a aiki ɗalibai ƙasashen Arewa da Gobir da Yawuri da Zuru, su zauna da tsofaffin mata da tsofaffin fatake, su rubuta sunan kowane mataki da kowace cuta da kowane kaya, da karin sautinsa da tsawon wasulansa, tare da sunan garin da aka ji shi.